Hannun Daman Da Na Baro A Kan Tebur

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga Mai-sunan-Baffa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya. Allah Ya ɗaga jirginku lafiya Ya sauke shi lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin baƙon wuri, Ya haɗa ka da mutanen kirki a inda babu wanda ya san gidanku.

Ka yi haƙuri da rubutun. Ka san da hagu nake yi, kuma har yau hannun nan bai koyi bin layi ba. Safiya huɗu na yi ina rubuta ta bayan sallar asuba, kafin ƙannenka su tashi su cika gidan da hayaniya. Na ba Innarka ta sa maka ita cikin jakar da kake ajiye bat ɗinka na ƙwallon tebur, don na san ita ce jakar da ba za ka yarda a raba ka da ita ba.

Za ka ce gida ɗaya muke kwana, me ya kawo takarda? Kai ɗan fari ne. A gidanmu uba ba ya zama da ɗan fari ya yi masa doguwar magana, haka na taras, haka na bi. Shekara ashirin da ɗaya, in ka cire “matso da ƙafarka” da “kalli ƙwallon” da nake daka maka a bakin tebur, ban san ko na yi maka maganar da za ta cika shafi guda ba. To yau dai fulakon nan zan ajiye shi a gefe, domin tsoro ya fi ƙarfinsa. Tsoro nake ji, kuma ba tsoron jirgi ba ne, ba na sanyin ƙasar Turawa ba, ba na matansu ba. Kafaɗarka ta dama nake tsoro.

Wata uku ke nan da na gane. Wata Juma'a ce, ina sahun da yake bayanka. Liman ya yi kabbara, kowa ya ɗaga hannu, sai na ga hannunka na hagu ya kai kunne, na dama ya tsaya a ƙirji. Wallahi ban san surar da aka karanta a raka'ar nan ba. Na ce wa kaina ƙila kwanciya ka yi a kai. Sai na shiga lura. Na ga buta ta koma hagu. Na ga in za ka sa riga sai ka fara zura hannun dama a hankali, kana cije leɓe. Na ga a wurin atisaye in ka ɗauka na juya baya, sai ka kai hannu ka matsa wurin. Rannan a ƙofar gida na daure na ce maka, “Lafiya dai hannun?” Ka ce, “Lafiya lau, Baba,” har da murmushi. Muryata na ji a bakinka. Haka nake faɗarsa, da wannan murmushin, shekara da shekaru. Na yi shiru na wuce ka na shiga gida, kuma shirun nan ma laifina ne.

Kai ka san ni a matsayin wanda ya fi shekara ashirin yana buga wa ƙasar nan ƙwallon tebur a waje. Ka ga kofunan da Innarka take gogewa. Abin da ba ka sani ba shi ne yadda aka yi hannun ya mutu. Kowa a Dutse ya ɗauka rana ɗaya ce, tsautsayi ne. Ba rana ɗaya ba ce. Ni na kashe shi da kaina, a hankali, kuma sau da yawa ana riƙe ni ina fizgewa.

Daga ruga abin ya faro. Baffa, kakanka da kake ɗauke da sunansa, a bayan Aujara ya rene mu. Ai ka ga tabon sharo a haƙarƙarinsa lokacin da kake ƙarami. Ina ɗan shekara tara wata saniya ta taka mini ƙafa har farce ya fita. Na buɗe baki zan kurma ihu, ya kalle ni. Kallo ɗaya kawai. Na haɗiye ihun. Da yamma na ji yana ce wa kakarka, “Wannan ɗana ne.” Ban taɓa jin ya yabe ni ba sai ranar, kuma tun daga nan na sa wa raina cewa namiji ba ya cewa wash. Abin da ban lura da shi ba, sai da na tsufa, shi ne mai sharo bulala 'yan kaɗan yake sha. In an tashi daga fili gida ake kai shi, a kwantar da shi, a yi masa jinya har ya warke, Baffa ma haka aka yi masa. Ni rabin al'adar na ɗauka. Na tsaya a fili shekara ashirin ina murmushi, na ƙi zuwa gida a yi jinyar. Kada ka ɗauki rabin nan daga wurina.

A Kiyawa, inda aka kai ni makaranta wurin kawuna, na fara bugawa, a kan wani tsohon ƙyaure da aka ɗora bisa duro biyu a bakin kasuwa, an jera bulo a madadin raga. Daga nan sai Kano, daga Kano sai sansanin 'yan wasan ƙasa a Legas. Ni kaɗai ne ɗan Arewa a cikinsu. Tsokana kuwa ba irin wadda ban sha ba: “Malam, ina ka baro shanun?” Ba da mugunta suke yi ba, wasu har yau muna zumunci. Amma ni na ɗora wa kaina cewa in na faɗi, duk Arewa ce ta faɗi.

A tafiyata ta uku waje, a Masar, ina tsakiyar wasa na kai wani bugu sai na ji wani abu ya yi ɗas a kafaɗa. Na ƙarasa wasan, na ma ci. Da muka dawo sansani mu shida ne, huɗu za a ɗauka zuwa gasa ta gaba. Likitar sansanin wata dattijuwa ce 'yar Kudu mai farin gilashi. Ta kama hannuna ta ɗaga sama a hankali, ta ce, “Malam, akwai ciwo?” Na ce babu. Ta ƙara ɗagawa. Na ji kamar ana zura mini allurar ɗinkin buhu. Na yi mata murmushi. Ta kalle ni ta saman gilashi ta ce, “Idonka ya kawo ruwa.” Na ce hasken fitila ne. Ta jima tana kallona, sannan ta ja takarda ta rubuta lafiya. Na fita ina jin na yi ta maza. Daga baya na ji cewa da na faɗa mata gaskiya ranar, hutun 'yan makonni ne da motsa hannu, shi ke nan. Gasa ɗaya zan rasa. Wannan gasar da na yi ƙarya dominta, wallahi yau ko sunan wanda ya fitar da ni ban tuna ba.

Don haka ka ji ni da kyau: likitan 'yan wasa ba abokin karawarka ba ne. Ba a cin sa wasa. In ka yaudare shi ka fito kana murna, kanka ka yaudara.

Duk dawowata gida sai in zame in tafi Kiyawa wurin Malam Audu wanzami ya yi mini ƙaho, don kada labari ya kai Legas. Sau uku yana yi. A na huɗu ya taɓa wurin, ya mayar da kayansa cikin zabira. Ya ce, “Ɗan nan, ni mataccen jini nake cirewa. Wannan ba jini ba ne, wani abu ne yake tsinkewa a ciki. Ka je asibiti a Kano su duba ka.” Ka san me na ce wa dattijon nan, sa'an ubana? Na ce, “Baba, ƙaho na zo, ban zo wa'azi ba.” Ya dai ce Allah Ya sawwaƙe. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe mini wannan rashin kunyar. Mutumin da bai taɓa ganin bat ba ya faɗa mini abin da manyan likitoci suka maimaita bayan shekaru. In wanda sana'arsa ita ce taɓa jikin mutane ya ce maka wannan ya fi ƙarfinsa, to ka tsorata.

Sai allura ta shigo. Lokacin ina buga wa wani kulob a Italiya. Wani abokin wasana ya ga yadda nake sa riga, irin yadda na ga kana yi, ya ja ni gefe ya nuna mini inda ake yin ta. Kai! Ranar farko na ɗauka an canza mini kafaɗa. Na buga kamar ɗan shekara sha takwas. Ban san cewa allurar ba ta warkar da komai ba, bakin ciwon kawai take toshewa, kamar gida ya kama da wuta ka je ka toshe bakin mai ihun gobara. Da farko sai babban wasa nake yi. Daga baya duk mako. Daga baya in ba a yi ba ko hula ba na iya sawa. Za a nuna maka ita, ba shakka. Wanda zai nuna maka ba maƙiyinka ba ne, ɗan'uwanka ne mai tausayinka, shi ma yi yake yi. Don girman Allah kada ka miƙa kafaɗarka.

Akwai wani likita a Jamus, har yau ina ganin fuskarsa. Kulob ɗin da na koma can ba sa wasa da binciken jiki, suka ɗauki hoton kafaɗar. Ya kafa hoton a jikin fitila ya kira tafinta. Ya ce jijiyar ta kusa rabuwa, abin da ya rage kaɗan ne. Ya ce a yi aiki yanzu, in huta wata takwas, zan dawo in buga, kuma zan tsufa da hannuna. Har ya maimaita wa tafintan, “Ka gaya masa da kyau, zai tsufa da hannunsa.” Ni kuwa wata takwas ɗin kawai na ji. Na ga yaran da suke tasowa a Legas, na ga wani ya zauna a gurbina. Na karɓi takardar na ninke, na ce zan yi shawara. Da kakar wasa ta ƙare na tattara kayana na koma wani kulob a wata ƙasar da ba su san zancen ba, kuma ba sa ɗaukar hoto. Na yi ta yabon kaina da wayo. Tir da wannan wayon.

Ka san abin da ya fi allura haɗari? Yabo. Da aka ƙirƙiro jihar nan aka ce Dutse ce babban birni, na riga na haura talatin da biyar. Sa'o'ina duk sun ajiye bat, wasu sun zama masu horarwa, wasu sun kama kasuwanci. Ni ma na yi niyyar ajiyewa. Sai aka yi ta zuwa gida: “Haba, yanzu da muka samu jiharmu? Kai ne abin nuninmu. Ka ƙara mana ko shekara biyu.” A rediyo aka laƙaba mini Dattijon Tebur. In na sauka a wata ƙasa, 'yan jarida ba sa tambayar wa zan ci, sai dai su ce shekara nawa ke nan. Abin ya shiga kaina. Na daina buga wasa don in ci, na koma bugawa don a ce har yanzu yana nan. Shekara biyun nan ta zama shida.

Innarka ce kaɗai ta tsaya a gabana. Wata safiya zan tafi Kano in hau jirgi, tana ɓalla mini maɓallin riga don ni ba na iyawa. Ta ce, “Malam, yau ni nake sa maka riga. Can kuma wa zai riƙe maka bat ɗin?” Na sha mur. Ta ce, “Wa kake jira ya ce maka ya isa? Ka faɗa mini sunansa in je in roƙe shi.” Raina ya ɓaci, na ce, “Ke me kika sani a ƙwallo?” Ta ce, “Ban san ƙwallo ba. Amma na san hannun nan, ni nake gasa shi da ruwan zafi.” Na fice ko sallama ban yi mata ba. Kai kana tsakar gida kana ɗaure takalmin makaranta, ban sani ba ko ka tuna. Masu cewa ka ƙara shekara biyu, ko ɗaya bai taɓa ɓalla mini maɓalli ba. In Allah Ya ba ka wanda yake ganin jikinka a ɓoye, maganarsa ita ce magana, ba ta masu tafi ba.

A tafiyar nan hannun ya tafi. A Tunisiya ne, da wani yaro da aka haifa bayan na fara buga wa ƙasa. Ya yi kuskure ya ɗago mini ƙwallo sama, irin wadda ko ido a rufe nake kashewa. Na tashi zan ɗaga hannu, hannu ya ƙi zuwa. Bat ya faɗi ƙasa, ƙwallon ta wuce ni. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ban ji zafi ba, ban ji komai ba, ga hannu a jikina yana reto kamar ba nawa ba. Yaron ya zagayo ya ɗauki bat ɗin ya miƙo mini, na tsaya ina kallonsa, na kasa karɓa. An yi aikin daga baya, har sau biyu. Likitan ya ce abin ya lalace ya haɗa da jijiyar motsi, ba abin da zai ɗinka. Ya tambaye ni me ya sa ban zo tun da wuri ba.

Kana ganin na saba. Ban saba ba. Ka taɓa lura ba na cin abinci a taro? An yi wani suna a Buji, muka zauna mu biyar a kwano ɗaya. Na sa hannu. Wani tsoho da bai san ni ba ya ɗaga murya: “Subhanallahi! Bawan Allah, ba a koya maka ba? Da hagu a kwanon mutane?” Aka raɗa masa a kunne, ya yi ta ba ni haƙuri har da riƙe gwiwata. Ba laifinsa ba ne, gaskiya ya faɗa. Amma na janye hannuna daga kwanon. Tun ranar duk inda aka kawo abinci sai in ce na ƙoshi, ko in ce ina azumi. Da girmana nake wannan ƙaryar. In za a gaisa, sai in tallafo hannun dama da na hagu in miƙa, mutane su ɗauka ladabi ne.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, ka tuna yadda gari ya ɗauki zancen yanke hannun ɓarawo, a majalisa, a tasha, ko'ina. Malam Sale tela, wanda yake ɗinka mini riguna masu faɗin hannun dama, ba ya rabo da tsokana. Ya ce, “Kai ai ka riga kowa. Ƙwallo ta yanke maka hukunci, ba lauya ba ɗaukaka ƙara.” Na yi dariya har da ƙwalla, don shi kaɗai yake iya faɗa mini haka. Amma a makon da ya faɗi haka na je kasuwar Kiyawa, hannun yana cikin babbar riga kamar kullum, na miƙa wa wani baƙo hagu. Na ga ya ja baya yana leƙen gefen rigata, yana so ya gani ko akwai hannun. Sai da na zaro shi da hagu na nuna masa, a tsakiyar kasuwa, a garin da na fara bugawa. Na dawo gida ban gaya wa kowa ba, sai yau.

Yanzu ga wanda ya fi yi mini nauyi. Bugun nan da ake yabonka a kai, wanda kake ɗaukowa tun daga bayan kunne da ƙarfin kafaɗa zalla, nawa ne. Ni na koya maka shi. Wani mai horarwa a ƙasar Sin ya taɓa tsayar da ni ya dafa kuguna da cinyata, ya nuna mini cewa daga nan ƙarfi yake fitowa, kafaɗa rakiya take yi. Na ƙi gyarawa don da bugun nan aka san ni. Na san shi ya ci hannuna, amma da na gan shi a hannunka ranar farko, daɗi na ji. Na ce ɗana ya gado ni. Kuma kana ɗan shekara sha biyu ka taɓa ajiye bat ka ce, “Baba, hannuna ciwo.” Na kalle ka na ce, “Ɗan wa kake?” Ka sunkuya ka ɗauki bat ɗin. Tun ranar ba ka sake ce mini wani abu yana yi maka ciwo ba. Na yi maka abin da aka yi mini, ni da na san ƙarshensa. Ka yafe mini. Ban taɓa neman gafarar ɗa ba, ban san yadda ake yi ba, amma ka yafe mini.

To ga abin da nake so, kuma umarni ne, ba shawara ba. Kwantiragin kulob ɗin Turawan da ka nuna mini ya ce za su duba jikinka kafin ka sa hannu. Kafin likitan ya taɓa ka, kai ka fara magana. Ka ce masa kafaɗar dama tana ciwo. Ka faɗa masa tun yaushe, kada ka rage ko mako ɗaya. Ka ce ba ta kai kunne. Ka ce a ɗauki hoto. In ya ɗaga hannun ka ji zafi, ka ce wash da ƙarfi, kowa ya ji. In an kawo tafinta, ka sa shi ya maimaita. In sun ce hutu, ka huta har ranar da suka ce. In sun ce aiki, ka buga waya gidan Malam Sale a kira ni, ni zan gaya wa Innarka. In mai horarwarsu ya ce zai canza maka bugun, ka ba shi, kada ka ce na Babana ne.

Na san abin da kake tsoro, don na ji shi kafin a haife ka. Za su iya fasawa su dawo da kai. E, za su iya. Ba zan yi maka ƙarya in ce ba za su yi ba. Dutse za ta yi magana. Waɗanda suka raka ka tasha da tafi su ne za su ce ɗan Dattijo ko wata bai yi ba aka koro shi. Su faɗa. Ni zan zo Kano in tarbe ka, in riƙe maka jaka da hannun da ya rage mini, mu shigo gari da rana tsaka kowa yana gani. Shekararka ashirin da ɗaya. Kulob ba su ƙare a duniya ba. In ka rasa wannan, ka warke, wani zai neme ka. Abin da yake tayar mini da hankali shi ne na san jininmu. Ina tsoron ka karanta takardar nan idonka ya kawo ruwa, ka ninke ta ka sa a jaka, gobe ka shiga wurin likita ka yi masa murmushi.

Saura abu ɗaya, wanda ko Innarka ban taɓa gaya wa ba. Damina biyu bayan hannun ya mutu Baffa ya rasu. Kana makaranta a Kano lokacin, ba ka samu jana'iza ba. Aka ɗauko makara daga ruga zuwa maƙabartar Aujara, kowa yana karɓa yana sa kafaɗa, ni ina biye a baya. Da aka isa bakin kabari liman ya ce, “Ina babban ɗansa? Ya matso ya karɓi kai.” Mutane suka dare suka ba ni hanya. Na durƙusa, na miƙa hagu, na yi ta kiran na dama a raina, ya Allah ko sau ɗaya, ko na minti ɗaya. Ina! Liman ya gani. Ya sunkuyo ya ce a hankali, “Malam, ɗan matsa, bari wani ya kama.” Wani maƙwabci ne, wanda ba danginmu ba, ya sa ubana a kabari ina durƙushe ina kallo. Ƙasashen da na zaga, tutar da aka ɗaga saboda ni, a wannan lokacin da an ce in ba da su duka a ara mini hannu in tallafi kan Baffa, da ban tsaya tunani ba.

Tawa ranar tana tafe, kusa ko nesa. Liman zai waiga ya ce ina babban ɗansa. Ina so ka matso ka karɓe ni da kanka. Ba na so a ce maka ɗan matsa.

Innarka tana gaishe ka, ƙannenka suna gaishe ka. Ka riƙe salla a kan lokacinta, ka nemi alƙibla tun ranar da ka sauka. Na bar ka a hannun Allah wanda ajiyarsa ba ta tozarta. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya ba ka ƙarfin zuciyar faɗin abin da ni na kasa faɗa, Ya yi maka albarka. Allah Ya dawo mana da kai da hannunka biyu, ko da kofi ko ba kofi.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Dutse.